Yadda Kawu Chencho Ya Warkar da Unguwarmu

Ranar da aka rufe addu'o'in makokin Baba, tun ba a kwashe kyandirori ba, Kawu Chencho ya hau kan kujera a tsakar gidanmu, ya ɗaga kofin gahawa sama, ya sanar da jama'a cewa ciwon suga ya gama cin mutum a garinmu, Milpa Alta.

"Na rantse da kabarin surukina," in ji shi, "kafin bikin nopal na bana, duk wanda kuka ji yana da suga a garin nan, to baƙo ne."

Iya Fidela mai injin niƙa ta ce, "Sauko, Chencho. Kujerar ta aro ce."

Kawu Chencho yayan Inna ne, kuma a bakinsa bai taɓa yin ƙaramin abu ba. In ya shiga birni, manya ne suka aiko a kira shi. In kare ya bi shi, shi ne ya ja karen gudu don ya motsa masa jini. Ya taɓa kiwon zomaye, suka haƙa rami suka koma gidan maƙwabta. Ya taɓa gyara lasifikar coci, tun daga ranar Fada Anselmo yake wa'azi da ihu.

Suga ne ya ɗauki Baba, kuma bai ɗauke shi lokaci guda ba. Ya fara da ɗan yatsan ƙafa, ya dawo ya karɓi ƙafar, sannan ya dawo ya karɓi saura. Abin da Baba ya bar mana gonar nopal ce a gefen dutse, shukar nan mai faffaɗan ganye mai kauri da ƙaya, da wuƙarsa, da 'yar na'urar awon suga mai girman akwatin ashana. Har yanzu in na fita yankan ganye da sanyin safiya, sai in hango shi can ƙarshen layi a sunkuye. In na matsa, in tarar kwando ne. Inna ma tana da ciwon. Ƙwayoyinta na asibiti, safe da yamma, su ne suka tare ta daga hanyar da Baba ya bi, kuma ita kaɗai ta rage mini.

Dabarar Kawu daga wani kanti ta fito. A birni ya ga kwalba cike da ƙwayoyi, an liƙa mata hoton nopal.

"Ganyen da muke watsa wa akuya, Nico!" ya ce mini. "Sun daka shi, sun zuba a kwalba, sun sa masa hula, 'yan birni na layi a kansa!"

Na ce, "Kawu, ai kowa ya san nopal na taimakon mai suga. Nas Yolanda ma ta ce a ci, amma tare da magani."

"Ita ta ce tare da magani. Ni na ce a manta da maganin. Bambancin ɗalibi da malami ke nan."

Duk wanda ya tashi a garinmu ya san kafin ka yi komai da nopal sai ka kankare ƙayarsa, manya da ƙanana, musamman ƙananan nan masu kamar gashin jariri, waɗanda ido ba ya gani sai fata ta ba da labari. Kawu ya ce nan ne 'yan birni suka yi kuskure.

"Ƙarfin a ƙayar yake. Ka taɓa ganin soja ya tafi yaƙi ya bar bindiga a gida?"

Ya shanya ganyen a kan rufi da ƙayarsa da komai. Da ya bushe, ya jira Iya Fidela ta tafi kasuwa, ya lallaɓi mijinta Melitón, suka zuba a injin da ke niƙa wa unguwa duka masarar tortiya, gurasar da muke ci kullum.

Washegari unguwa ta tashi da harshe a waje. Kowace ƙofa ka duba, wani na zaune ya wangale baki, wani na tsaye a kansa da matsefata. Fada Anselmo ya yi hidimar safe da nuni kawai. Kafin rana ta ɗaga sai ga Iya Fidela a ƙofar Kawu da ludayi, leɓenta ya kumbura.

"Chencho! Fito ka gaya mini me ka zuba a injina!"

"Lafiya na zuba, Iya. Kuma kyauta."

"Mijina tun safe yake goga harshe a bango kamar akuya!"

"Alama ce, magani ya kama aiki. Tsakaninki da Allah, tun da kika auri Melitón kin taɓa jin ya yi shiru haka? Godiya ya kamata ki yi."

Ludayin ya same shi a kafaɗa. Daga baya ya ce shi ya kai kafaɗar, don kada ludayin ya faɗi ƙasa ya lalace.

Daga nan ya bar garin magani ya koma na ruwa. Wannan karon ya yarda aka kankare ƙayar, wai ya riga ya ɗauki sirrinta. Ya markaɗe ganyen ya cika durom, ya rufe, ya ajiye a rana don ya ƙara ƙarfi. Nopal kuwa yauƙi gare shi, kuɓewa ba ta kama ƙafarsa ba. Layinmu kuma gangare ne tun daga gidan Kawu har ƙofar coci. Da durom ɗin ya kumbura ya fara gurnani, Kawu ya tara maƙwabta su shaida buɗewa. Bai kai ga taɓa marfin ba, marfin ya tashi da kansa ya sauka a rufin wasu, durom ya kife, koren ruwa ya kama hanya.

A daidai lokacin Melitón na haurowa da jakinsa da kaya. Jakin ya zauna daɓas, ya fara komawa inda ya fito a zaune, Melitón na riƙe da igiya yana binsa a kan ciki. A tsakiyar gangaren suka cim ma Fada, wanda shi ma ya riga ya kama tafiya ba da niyya ba.

"Melitón, tsayar da jakinka!"

"Ku fara tsayawa, Fada, in ga yadda ake yi!"

Su uku suka isa ƙofar coci tare. Kawu ya leƙa daga sama ya ce, "Kun gani? Ko jaki ya samu sauƙin gaɓoɓi."

Da a nan abin ya tsaya, da mun yi dariya mun manta. Amma wata rana ya zo gidanmu da tulun koren ruwansa, ya ce Inna ta ɗauko na'urar Baba. Lokacin 'ya'yan nopal sun nuna, jajaye, zaƙi kamar zuma. A wajenmu kuwa baƙo ba ya zama baki wofi. Inna ba ta shan su saboda ciwonta, amma ta zauna ta ɓare wa yayanta cikin kwano, jan ruwan na bin yatsunta. Tana gamawa ya kama yatsanta ya soka, ya ɗiga jinin.

Lambar ta tashi kusan ɗari huɗu.

"Uwa Maryamu," in ji Inna.

"Kada ki damu, ƙanwata. Yayanki na nan."

Ya cika mata kofi. Ruwan Kawu ba a shan sa a tsira: yana bin gefen kofi, ya bi hannu, ya yi zare har gwiwar hannu. Inna ta shanye da ƙyar, ta tashi ta wanke hannu da sabulu. Kawu ya yi ɗan jawabi a kan kakanni, sannan ya sake sokawa.

Lambar ta faɗo ƙasa da rabi.

Kawu kansa ya tsorata. Karo na farko ke nan da wani abu nasa ya yi aiki. Amma nan da nan ya farfaɗo.

"Na gaya muku ko ban gaya muku ba?"

Ya sayar da kekensa ya sayo allurai da takardun awo, ya rataya na'urar Baba a wuya kamar lambar yabo. Mutane suka fara layi a ƙofarsa. Shi kuwa mutum ne mai karamci, ba zai bar baƙi su zauna haka ba, sai ya ajiye musu kwandon 'ya'yan nopal, kowa ya ɓare ya sha kafin layi ya zo kansa. Duk wanda aka auna sai a tarar suga ya kusa kashe shi. A ba shi kofi, yauƙi ya ɓata masa hannu, ya wanke, a sake aunawa, ya warke. Mai aski ya kamu ya warke. 'Yan ƙwallon unguwa duka suka kamu suka warke a yammaci ɗaya. Wata amarya ta kamu, ta yi kuka, ta warke, ta wuce gidan miji. Melitón kuwa kullum sai ya zo ya kamu, ya koma gida da labarin kamuwar, ya bar na warkewar a hanya. Iya Fidela ce ta koma jan jaki, shi yana kwance a inuwa yana nishi.

Wata safiya na miƙa wa Inna ƙwayarta, ta ture hannuna a hankali.

"Babanka ya sha su har ranar ƙarshe, Nico. Ka ga inda suka kai shi."

"Su suka riƙe mana shi shekaru, Inna."

"Ka ga lambar da idonka."

Na gani kam. Karatuna bai yi nisan da zan yi gardama da lamba ba.

Sai ta fara shan ruwa kamar gonar rani. Tulu ya ƙare, ta ce a ƙaro. Matar da take kankare nopal tana hira ba ta ko kallon wuƙa, yanzu sai ta kai ganyen kusa da ido, ta bar ƙaya a jiki. Zanenta ya fara yi mata yawa. Duk waɗannan na san su, na taɓa ganin shigowarsu gidanmu ɗaya bayan ɗaya, kamar baƙin da suka san hanya. Na je wurin Nas Yolanda, ta ce in kawo ta. Inna ta ce ba ta zuwa, ta warke. Na roƙi Kawu ya sake auna ta.

"Wanda ya warke ba a auna shi, yaro. Cin fuska ne ga magani."

Ranar bikin nopal filin coci ya cika. Ga masu gasa ganye, ga masu tuya, ga 'yan badujala da ƙahonninsu. Nas Yolanda ta kafa teburinta a ƙarƙashin rumfa, ko ƙuda bai je ba. Kawu kuwa ya hau dandamali cikin farar rigar da ya aro wurin mahauci, da ɗigon jini a ƙirji, wai alamar gogewa ce.

"Jama'a! Yau zan warkar da babban mutum a gabanku! Fada, bismillah, ku hauro."

Fada Anselmo bai so ba, amma jama'a na tafi. Fitowarsa ke nan daga hidima, hannuwansa tas, ya wanke su a bagade kamar kullum. Kawu ya soka. Lambar ta fito casa'in da 'yan kai.

Wani daga baya ya ce, "Lafiyarsa lau!"

Kawu ya girgiza na'urar. Tun da ya fara aikin nan bai taɓa haɗuwa da mai lafiya ba.

"Ɓuya ya yi," ya ce. "Rigar Fada yake tsoro. Yanzu za mu tono shi."

Ya cika kofi, kuma don girmamawa shi da kansa ya riƙe wa Fada a baki, ko ɗigo bai taɓa hannun Fada ba. Fada ya haɗiye, idanunsa suka kawo ruwa.

"Don Allah a ba ni abin da zai kashe wannan ɗanɗano."

Aka miƙo masa ɗan nopal ja. Ya ɓare ya shanye. Kawu ya soka.

Ɗari uku.

Fili ya ɗauki salati. Kawu ya ɗaga hannu.

"Ya fito! Ba na ce muku ba? Kofi na biyu shi zai kashe shi."

Kofi na biyu ya wuce, Fada ya bi shi da 'ya'yan nopal biyu. Ɗari huɗu. A kofi na uku na'urar ta ƙi ba da lamba gaba ɗaya, sai kuka take yi.

"Chencho," in ji Fada, "da ƙafafuna na hauro nan, lafiya lau."

"Haƙuri, Fada. Naku mai taurin kai ne, suga ne na masu ilimi."

"Wa zai yi mini addu'ar ƙarshe? Ni kaɗai ne fada a garin nan!"

'Yan badujala da suka ji an ambaci addu'ar ƙarshe, sai suka sauya kiɗa zuwa na rakiyar gawa. Mata suka fashe da kuka. Wata tsohuwa ta fara tambayar wa zai gaji kajin Fada. Shi kuwa ya ce a kawo masa ruwa mai tsarki ya sa wa garinsa albarka kafin ya tafi. Ya tsoma hannuwansa biyu a kwanon, ya yayyafa gabas da yamma, ya yafe wa kowa.

"Har da kai, Chencho. Da ƙyar dai."

Nas Yolanda ta kutsa ta hau dandamalin, ta zare na'urar daga wuyan Kawu, ta kama yatsan Fada ta auna.

"Casa'in da biyar," ta ce.

"Mu'ujiza!" in ji jama'a. 'Yan badujala suka koma kiɗan rawa. Kawu ya rungume Fada.

"Haɗin gwiwa ne, jama'a! Ni daga ƙasa, su daga sama!"

Iya Fidela ba ta yi tafi ba. Ta dubi kwanon ruwan da ya koma ja, ta dubi mijinta, wanda ke gefe yana ɓare na bakwai ko na takwas. Ta damƙo wuyan hannunsa ta ja shi har gaban nas.

"Auna mini wannan gawar."

Ɗari uku da wani abu. Melitón ya fara nishi. Iya Fidela ta ja shi zuwa rumfarta, ta dulmuya hannunsa a bokitin wanke-wanke, ta cuɗa da soso kamar tukunya, ta dawo da shi.

"Sake."

Lafiya lau.

"To ga shi nan," in ji Iya Fidela, ta riƙe ƙugu. "Ruwan wanke-wankena ma ya zama mai tsarki. Fada, ko za ku saya?"

Nas Yolanda ta ce, "Zaƙin da ya maƙale a yatsa na'urar take karantawa. Ba ku da komai, hannu ne ba ku wanke ba."

Kowa ya shiga duban yatsunsa. Sannan Iya Fidela ta juya kan Melitón.

"Ni ka sa jan jaki? Ni na dafa maka kaza?"

"Ina jin jiri da gaske, Fidela."

"Yanzu za ka ji na gaske."

Ɓawo na farko ya sami Kawu a kunne, daga wurin mai aski. 'Yan ƙwallo suka biyo baya, su kuma sun iya saiti. Kawu na kare kai da marfin tulu yana cewa ai gwaji ne, dama so yake ya koya wa gari tsafta.

Ni ban jefa komai ba. Na nemo Inna a cikin taron, tana zaune a kan kwando da gorar ruwa a cinya. Na kama hannunta, ba ta ƙi ba. A teburin nas na zuba ruwa na wanke mata yatsun da kaina, ɗaya bayan ɗaya, na goge. Hannun ya yi sauƙi, kamar ganyen da ya kwana a rana. Nas ta soka.

Ɗari uku da sittin. Babu zaƙin komai a yatsan.

Waɗanda ke kusa suka daina dariya. Inna ta daɗe tana kallon lambar, sannan ta dube ni, ta ga fuskata, ta sunkuyar da kai.

Nas Yolanda ta ce wa Inna, "Iya Crispina, nopal ki ci abinki, gasasshe ko a miya, yana ɗan taimakawa bayan abinci. Amma ba ya tsayawa a madadin ƙwaya. Gobe da safe ina son ganinki a asibiti."

Inna ta miƙa tafin hannu. Nas ta sa mata ƙwaya, ta haɗiye da ruwan gorarta a gaban kowa. Na juya baya na yi kamar wani abu ya faɗa mini a ido.

A lokacin Kawu ke ƙoƙarin sulalewa ta bayan rumfa, ɓawo a kafaɗa. Inna ta kira shi ba tare da ɗaga murya ba.

"Yaya. Zo nan."

Ya zo.

"Gari duka ka auna. Ban taɓa ganin ka auna kanka ba."

"Haba, ƙanwata, ni da nake sha tun daga tushe? Jinina kore ne."

Ta kama hannunsa ta wanke da kanta, ta sake wankewa, har da ƙarƙashin farce. Kawu ya rufe ido, ashe mutumin da ya soki unguwa duka allura yake tsoro. Da ya buɗe, lambar na jiransa. Ɗari huɗu da goma.

Ya dubi lambar, ya dubi Inna, ya dubi ƙafafunsa. Sannan ya sunkuya wajen nas ya rage murya.

"Yolanda, tsakani da Allah. Akwai wanda ya kai wannan a yau?"

"Babu. A bana ma ban ga irinta ba."

Kawu ya miƙe, ya gyara rigar mahauci, ya ɗaga na'urar sama don na baya su gani.

"Kun ji da kunnenku! Da wankakken hannu! Naku duk na ƙarya ne, nawa ne na gaske!"

Inna ta ja shi ta gefen riga ya faɗo kan benci kusa da ita, sannan ta karɓi ƙwaya a hannun nas.

"Mun ji, gwani," ta ce. "Buɗe baki."